Bayan Takardar Madan Tahira

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo kuna cewa na bar Tahira tsaye a bakin ƙofar aji kwana uku, na gani. Ƙafarta ba ta yi ciwo ba. Ga ta nan inda muka bar ta.

*

Sufeto Zakariya'u bai ko zauna ba ya miƙa hannu.

"Fish ɗinki, Madan."

Tahira ta miƙa masa takardar shirin darasin da hannu biyu. Shekara tara tana koyarwa a Jiratawa da sunan 'yar kwantaragi, yau ce ranar da za a duba ta a cikin aji. In Sufeto ya sa hannu, ta zama cikakkiyar malamar gwamnati. In bai sa ba, sai ta koma layi, kuma babu wanda ya san ranar da layin zai sake zuwa kanta.

Yara saba'in da huɗu sun yi tsit. Direktar makarantar, Madan Baturiya, ta ja kujera ta zauna a baya, tana fifita da kwalin alli.

Sufeto ya dubi takardar. Bai yi minti ɗaya ba ya ajiye ta a kan tebur, ya ɗora biro a kai.

"Madan Baturiya, a fitar da yara su sha iska."

"Mushe, yanzu fa suka shigo." Mushe ake kiran malami namiji a nan, kamar yadda ake ce wa mace Madan.

"Su sake fita."

Da ajin ya zama wayam, ya cire tabarau ya dubi Tahira.

"Darasin awo. Tiya da kilo. Kin san sau nawa na ga takardar nan a wata biyu?"

Bai jira amsarta ba.

"Sau bakwai. Biyu a Tibiri, uku a Sabon Gari, ɗaya a unguwar Zariya, ɗaya a kan hanyar Madarunfa. Kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Har zanen tiyar nan mai karkataccen baki, kowa ya zana ta a karkace. Ke ce ta takwas."

"Mushe, ni na rubuta ta."

"Haka bakwai ɗin suka ce."

Ya zaro wayarsa ya buɗe Zauren Alli, zauren Watsap ɗin da malaman jiha fiye da ɗari huɗu ke tura wa juna shirin darasi, taswira da tambayoyin jarrabawa. Tahira ma tana ciki. A can ta samu taswirar koguna da ta rasa shekara uku, a can wata malama ta Tibiri ta koya mata yadda ake yin agogon kwali. Ba ta taɓa sanin Sufeto yana ciki ba. Ashe yana nan, bai taɓa cewa ko sannu ba.

Ya juyo mata da wayar.

Ga hoton takardarta, rubutunta ne, zanenta ne. An datse saman, inda sunanta da na makarantarta suke. A ƙasa an rubuta: Shirin Mushe Hamidu Maiwada, Sabon Gari.

"Ga mai ita nan," in ji Sufeto. "Shi ya buɗe zauren, shi ya tura. Ni ba ni da faɗa da waya, Madan. Ku ari juna, ku taimaki juna, ya fi kowa ya ƙulle kayensa a akwati har ya mutu. Amma ranar jarrabawa doka ta ce shirinki ne na kanki. Ba zan zauna in kalli darasin wani ina ba ki maki ba."

Ya fara mayar da takardunsa cikin jaka.

Tahira ta san sunan da ke ƙasan hoton. Hamidu Maiwada yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansu na lakwal, wato na makaranta, ne kawai ya bambanta, don ita da sunan kakansu aka rubuta ta. Shi ya riƙe hannunta ya kai ta aji ɗaya, shi ya tsaya mata har ta gama makarantar horon malamai. Wata biyu da suka wuce ta ɗauki hoton shirin ta tura masa don ya duba mata kuskure. Bayan kwana uku ta gan shi a zaure da sunansa, malamai na ta jera masa hannuwan tafi. Ta kashe wayar, ta yi kukanta a bayan ɗaki, ba ta sake buɗe wurin ba. Ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta.

Madan Baturiya ta taso daga baya.

"Mushe, ka yi mini rai. Ɗiyar nan shekara tara tana ƙarƙashina. In ta saci wani abu, to alli ne, shi ma guntu."

"Madan, abin da ya fi ɓata mini rai ba satar ba ce."

Ya sake ɗaukar takardar ya nuna layin ƙarshe da ɗan yatsa.

"Karanta. Tiya ɗaya, kilo biyu da rabi. Shi ke nan. Makaranta bakwai sun sa yara sun kwafe wannan a kaye, littafinsu na rubutu, sun ja masa layi da jan biro. Tiyar me? Gero? Auduga? Ƙarfe? A Zariya na tambayi wani malami nawa ne nauyin tiyar dusa, ya ce kilo biyu da rabi, yana murmushi. Aikin da kuka kwafa ma ba daidai ba ne."

Tahira ta ɗago kai a karo na farko.

"Sun rubuta shi a kaye?"

"Da jan biro, na ce miki."

"Amma Mushe, ai wannan amsar da yara za su bayar ce. Ba ƙarshen darasin ba ne."

"Nan takardar ta ƙare."

"A'a. Akwai baya."

Sufeto ya dube ta, ya dubi takardar da ke hannunsa.

Sai in tsaya in gaya muku wani abu, don wanda bai yi koyarwa ba ba zai gane ba. A makarantar horo an koya wa malamai cewa fish fuska ɗaya ake rubuta ta. Haka aka koya wa waɗanda suka koya musu. Ba a taɓa faɗin dalili ba, kuma ba a taɓa tambaya ba. Shi ya sa hannun malami ba ya juya fish. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana duba makarantu ya riƙe takardar nan sau biyu a safiyar, bai juya ta ba.

Ya juya.

Bayan cike yake da rubutu, har gefe.

"Wa ya ce ki yi rubutu a baya?"

Madan Baturiya ta yi gyaran murya. "Ni ce. Takarda ashirin nika ba kowane malami a wata. Wanda tashi ta ƙare shi juya."

Sufeto ya mayar da tabarau. Wannan karon ya zauna. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Da ya kai ƙasa ya koma sama.

"Ina sikelin?"

Tahira ta durƙusa ta jawo shi daga ƙarƙashin tebur. Sikelin masu sayar da albasa ne na bakin lambu, ta aro shi jiya. Ta jawo ƙullin buhu uku da tiya guda.

Ya daɗe yana kallon kayan.

"A shigo da yara."

*

Tahira ta fara darasin. Daga nan ta manta da akwai baƙo.

Ta ɗaga tiyar sama.

"Mene ne wannan?"

"Tiya, Madan."

"Kilo nawa ce?"

"Biyu da rabi," ajin ya amsa baki ɗaya.

"Wa ya gaya muku?"

Wasu suka ce babansu, wasu suka ce a kasuwa, wata ta ce kowa ma ya sani.

Ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: tiya ɗaya, kilo biyu da rabi. Ta sa alamar tambaya a gaba.

Ta cika tiyar da gero har ya yi tozo, ta juye a leda ta ɗora. Allurar sikelin ta tsaya a biyu da rabi, saura kaɗan. Ajin ya ɗauki tafi, kowa na jin ya ci.

"To, ga gyaɗa da ɓawonta. Tiyar dai ita ce. Kilo nawa?"

"Biyu da rabi."

"Kun tabbata?"

"Mun tabbata, Madan."

Allurar ta tsaya a kilo ɗaya da ɗan abu.

Sai wata murya daga baya ta ce sikelin ya lalace. Tahira ta ce to a sake ɗora geron. Aka ɗora, allurar ta koma inda take ɗazu. Aka ɗora dusa, ba ta ko kai kilo ba. Yara suka miƙe tsaye a kan benci, masu gardama na yi, masu dariya na yi. Ba ta tsawatar ba. Ta bar su suka yi ta, har wata mai suna Ladi ta ɗaga hannu ta ce:

"Madan, ashe tiya ba ta san nauyi ba. Cikinta kawai ta sani."

"Zo ki goge abin da ke allo, ki rubuta naki."

Madan Baturiya ta leƙa gefen Sufeto. Biron nasa na ta gudu a kan takarda.

*

Bayan an tashi yara, suka koma ofishin direkta. Madan Baturiya ta zuba masa ruwan randa a kofi.

"Darasin ya yi," in ji shi. "Ban ga irinsa ba bana. Amma ki saurare ni. Ina iya cewa kin ɗauki gaban daga zaure, kin ga kuskuren, kin ƙara baya da kanki. In haka ne kin yi wayo, amma rabin aikin ba naki ba ne. Malamai ɗari huɗu sun ga sunan wani a kai. In na sa hannu, gobe wani ya kai ƙara, me zan nuna?"

"Rubutun hannuna ne, Mushe."

"Hoton ya dushe, kuma duk rubutunku na 'yan horo iri ɗaya ne. Yaya aka yi takardarki ta je hannun Hamidu Maiwada?"

Tahira ta sunkuyar da kai.

"Kin san shi?"

Madan Baturiya ta ajiye kwalin fifitarta.

"Tahira, dube ni. Na san abin da kika ɓoye. Tun ranar da abin ya fito na gane zanen tiyarki, don ba wanda ke zana ta a karkace sai ke. Na yi shiru ne don kin yi shiru. Amma yau ba ranar kunya ba ce."

"Madan, shi ya kai ni lakwal."

"Ya kai ki don ki zauna kwantaragi har ki tsufa? Ba a ce ki zage shi ba. Waya kawai za ki miƙa."

"Inna za ta ji."

"Inna ta ji. Shekara tara tana tambayata yaushe za a tabbatar da ke, ni ma na gaji da ce mata sai baɗi."

Tahira ta buɗe jakarta. Ta nemo hirarta da yayanta a waya, ta gangara baya wata biyu, ta ajiye wayar a gaban Sufeto ba tare da ta kalla ba.

Ya karanta sunan da ke sama.

"Yaya Hamidu," ya faɗa a hankali. Ya ɗago ya dube ta.

Ga hoton nan cikakke, da sunanta da na makarantarta a sama. Ga kwanan wata, kwana uku kafin ya fito a zaure. A ƙasa ta rubuta: Yaya ka duba mini, gaba da baya.

"To ga inda aka haihu," in ji Sufeto. "Zo ki gani."

Ta matso. A ƙarƙashin hoton farko akwai na biyu, na bayan takardar. Yana nan dishi-dishi da 'yar kibiya a tsakiyarsa. Bai tafi ba. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya yanke a ranar, ita kuma ta sa wayar a jaka ta shiga aji. Wata biyu tana zaton yayanta ya ɗauke mata shafi biyu, ashe ɗaya ya samu. Bai tambayi ina bayan yake ba, ko da yake ta rubuta masa. Shi ma malami ne, ya ga fuska ɗaya ta cika, ya ɗauka an gama.

Madan Baturiya ta fara dariya, ta kasa tsayawa, har ta dafa tebur.

"Makaranta bakwai. Da jan biro."

"Bakwai ɗin da na gani ke nan," in ji Sufeto. Shi ma bakinsa ya motsa. "Ni kaina na yi wata biyu ina zagin darasin nan a mota. Direbana ya haddace shi."

Ya jawo takardar sakamako. Ya cike gurabe, ya rubuta maki, ya sa hannu, ya nemi tambarin makaranta. Madan Baturiya ta huhhura shi ta buga da ƙarfin da ya sa kofin ruwa ya yi tsalle.

"Sha bakwai bisa ashirin," ya ce. "Na cire ɗaya don kin bar yara sun hau benci. Na cire biyu don ba a ba kowa ashirin."

"Don mi ba a ba kowa?" in ji Madan Baturiya.

Ya buɗe baki, ya rufe. "Haka muka taras."

Tahira ba ta ji wannan ba. Ta zauna a kan buhun littattafai, ta rufe fuska da mayafi. Ba kuka take yi ba sosai. Numfashi ne take ja, irin wanda ta manta rabon da ta ja shi har ƙasan ciki. Madan Baturiya ta zo ta dafa kanta.

"Shi ke nan, ɗiyata. An gama. Sauke kafaɗun nan."

"Alhamdu lillahi," kawai take iya cewa.

Sufeto ya bari ta natsu, sannan ya tura mata wayarta.

"Saura abu ɗaya. Ba zan rubuta sunan yayanki a rahoto ba, wannan maganar gidanku ce. Amma akwai yara a Tibiri da Sabon Gari da ke yawo da ƙarya a kaye. Bayan takardar nan zai shiga zaure yau."

"Mushe, ko kai za ka tura?"

"In na tura, an san ina ciki, gobe kowa ya kama bakinsa, zauren ya mutu. Ba na so ya mutu. Ke za ki tura."

Ta fita tsakar makaranta, gindin bishiyar bedin da rezo ke kamawa. Ta ɗauki hoton bayan takardar. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta bar layi biyu:

Salamu alaikum malamai. Darasin tiya da kilo yana da baya, bai shigo ba ne saboda rezo. Ga shi, a gyara wa yara.

Ba ta ce nata ba ne, ba ta ce ba nasa ba ne. Ta tsaya tana kallo har kibiyar ta ɓace.

Ba a yi minti biyu ba amsoshi suka fara zuba. Wani malamin Zariya ya rubuta innalillahi, ya ce shi jarrabawa ma ya yi wa yara a kai. Malamar Tibiri mai agogon kwali ta turo murya tana dariya har da tari, tana cewa ita dai tun farko ta ji abin bai zauna mata ba, amma ta ga Mushe Hamidu ne ya sa, ta ce wace ce ita. Wani ya tambayi inda ake aron sikeli. Wata ta ce a gaya musu gaskiya, wa ya rubuta shirin nan, don gaban da bayan hannu ɗaya ne.

Tahira ta tsinci kanta tana murmushi ita kaɗai a gindin bishiya. Madan Baturiya ta fito tana gyara ɗaurin kallabi.

"Mi suka ce?"

"Suna ta godiya, Madan. Wata ma ta ce..."

Ta tsaya.

Wurin rubutu ya ɓace daga ƙasan zauren. A madadinsa wani ɗan layi ne ya fito a tsakiya.

Yaya Hamidu ya cire ki.

Madan Baturiya ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido ta karanta. Kafin ta ce wani abu, wayar ta ɗauki ƙara a hannunta.

"Shi ne?" in ji Tahira.

Madan Baturiya ta dubi sunan, ta miƙa mata.

"A'a. Inna ce."